Bututun bindigata ya koma fari yana walƙiya: wane baƙi ne ƙaya da gumi ba sa kankarewa?

Ɗanlami Birnin Kudu: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena maharba. Shawara nake nema. Bindigata Baikal ce mai baki ɗaya, baƙin da ta zo da shi daga kamfani ya gama sharewa, tun daga inda hannu ke riƙewa har tsakiyar bututu. Ƙarfen ya yi fari fat. Da hantsi in rana ta doke shi, walƙiyar har ido take kashe mini, kuma zabin daji tun ina nesa suke miƙe wuya su arce. Ina son baƙin da ba ya ƙyalli, wanda kuma ƙaya da gumi ba za su cinye shi a rani ɗaya ba. Me kuke yi wa naku?

Sani Mai Fenti: Wa alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ne. Sayi gwangwanin fentin feshi baƙi, irin wanda ba ya sheƙi, wanda muke fesa wa salansar mota. Ka goge da tina, ka fesa shafi biyu, shi ke nan.

Baba Sarkin Baka: Ɗanlami, kafin ka kashe kuɗinka bari in tambaye ka. Ta ina iska ke kaɗawa lokacin da kake matsawa? Wace riga ke jikinka? Akwai agogo a hannunka? Mu da muka taso da harbi-ruga ba mu san fenti ba. Abin da muka sani shi ne tafiya da rana a bayanka, da riga rinanna, da sanin lokacin tsayawa cik. Yaran yanzu sai su shiga dawa da waya a aljihun gaba, gilashinta na leƙowa, sannan su ɗora wa bindiga laifi.

Ɗanlami Birnin Kudu: Allah ya ƙara girma, Baba. Ba na sa agogo, wayar ma a jaka take. Amma gaskiya ne ban cika kula da inda rana take ba.

Malama Rabi Zariya: Baba, Allah ya ja kwana, maganarka dutse ce, amma a bar ni in ɗan raba ta biyu. Gada da sauran masu kofato hanci da kunne suka fi dogara da su, launi ma ba sa rarrabe shi kamar yadda muke yi, don haka a wurinsu iska ce kan gaba. Tsuntsu kuwa ido ne jarinsa. Zabo da fakara suna ganin launukan da idon mutum ba ya kaiwa gare su, kuma walƙiyar da ta bayyana ta ɓace nan take ita ce irin abin da ke tayar musu da hankali. Tunda Ɗanlami zabi yake bi, kukansa yana kan hanya.

Abin da nake so a gane, tunda sinadarai nake koyarwa, shi ne launi da ƙyalli abubuwa biyu ne. Santsin fuskar ƙarfe ne ke haddasa ƙyalli. In fuskar ta yi sumul, hasken da ya sauka sai ya koma wuri guda a dunƙule. In tana da ɗan kaushi wanda ido ba ya gani, sai hasken ya watse ko'ina ya mutu. Ku dubi sabon kwanon rufi da wanda ya sha damina goma, duk ƙarfe ne, amma ɗaya kaɗai ke kashe ido. Shi ya sa bindiga baƙa wuluk da aka goge ta ta yi santsi tana iya walƙiya fiye da ruwan toka mai kaushi. Ku duba saman bindiga mai baki biyu, wannan siririn ƙarfen da ke tsakanin bututun biyu, za ku ga kamfani ya yi masa zane-zane ƙanana. Ba ado ba ne, don kada haske ya dawo idon mai saiti ne.

Usta Habu Maƙeri: Malama ta faɗi rabin abin da zan faɗa. Sani, kada ka ji haushi, amma fentin feshi ba na bindigar da ke shiga sarƙaƙiya ba ne. Mota ba ta ratsa ƙayar farar ƙaya da ƙirji. Fenti a kan ƙarfe mai santsi zaune kawai yake, bai kama komai ba. Ƙaya ta yaga shi wuri ɗaya, raɓa ta shiga ƙarƙashi, tsatsa ta yi ta ci ba ka gani, sai ranar da ya ɓare ka tarar da ramuka. An sha kawo mini irinsu. Ga shi kuma man goge bindiga da kansa yana narkar da shi.

Sani Mai Fenti: Usta, ai ya danganta da shiri. In aka yi feshin yashi aka sa shafin farko mai cin ƙarfe, fenti yana kamawa.

Usta Habu Maƙeri: Na yarda, da feshin yashi ya fi kamawa. Amma ka ga yanzu ka bar maganar gwangwani ɗaya, ka koma maganar injin iska da kayan aiki. Kuma yashin da kuke fesa wa bodin mota ya yi wa bindiga kaushi da yawa.

Nura daga Amurka: Salam. A nan abin da kowa ke yi yanzu shi ne Cerakote. Kamfanin NIC Industries ne ke yin sa a jihar Oregon. Wani shafi ne mai haɗin sinadarin tangaran, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in na milimita ba, amma yana jure karce da gumi sosai, kuma akwai shi a launin ƙasa, da toka, da koren ganye, duk marasa ƙyalli. Sai an warware bindigar gaba ɗaya, a jiƙa ta a asiton don cire maiƙo, a fesa mata garin aluminiyam oksayid mai lamba 100 zuwa 120, a fesa shafin da ƙaramar bindigar fenti, sannan a gasa a zafin da ya kai maki 120 a ma'aunin Celsius na tsawon awa biyu. Akwai kuma wanda ke bushewa da iska cikin kwana biyar, ba sai an gasa ba.

Ɗanlami Birnin Kudu: Yaya Nura, wannan kam ya yi kyau a kunne. Amma a Jigawa wa zai yi mini?

Nura daga Amurka: Nan ne matsalar. Kuma ko an samo ruwan, in shirin bai yi daidai ba ɓarewa yake yi kamar kowane fenti. Na ambata ne don a san akwai shi.

Isufu Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Tawa Simplex ce ta Faransa, ta kamfanin Manufrance, ta girme ni nesa. Mu nan wasu leda mai ɗanko suke naɗawa, wasu kuma tsumma. Ba ya walƙiya ko kaɗan.

Usta Habu Maƙeri: Malam Isufu, tsumma da leda maganin yini ɗaya ne. In za ka naɗa da safe ka warware da yamma ka shafa mai, babu laifi. In ka bar shi ya kwana da laima, ka gina wa tsatsa ɗaki.

To bari in faɗi abin da nake yi, wanda kuma shi nake ba Ɗanlami shawara. Da tsatsar kanta ake yin baƙin. Turawan Ingila da Jamus da shi suke baƙanta manyan bindigoginsu masu baki biyu tun kafin a haifi kakanninmu, kuma har yau masu aikin hannu ba su bar shi ba. Ba ya son inji, ba ya son lantarki. Haƙuri yake so.

Da farko ka tabbatar babu harsashi, ka raba bututu da ƙota da sauran ƙananan kaya. Ka goge tsohon baƙin da samfefa, kana bin tsawon bututu, ka tsaya a lamba 240 ko 320. Kada ka wuce nan. Masu kai shi 600 ko 1000 don ya yi kyau su ne ke dawo da ƙyallin da ake gudu, kuma ƙarfe mai santsi ba ya karɓar tsatsa daidai. Sai cire maiƙo, wanda shi ne rabin aikin. A wanke da asiton ko a tafasa da sodar wanki, daga nan kuma hannu tsirara ba ya sake taɓa ƙarfen. Sa safar hannu mai tsabta. Yatsa ɗaya in ya taɓa, tambarinsa zai fito a ƙarshe. Ka fiƙe itace biyu ka toshe bakin da gindin, su kare cikin bututu, su kuma zama mariƙi.

Sai ka shafa ruwan tsatsa da auduga, shafi siriri, ja ɗaya daga gindi zuwa baki, ba a komawa. Ka rataye shi wuri mai laima. Bayan wasu awoyi za ka ga ya yi ja ko'ina, tsatsa mai laushi kamar gari. Nan ne sabon shiga ke firgita. Sai ka tsoma shi cikin tafasasshen ruwa a doguwar kwatarniyar ƙarfe, minti goma sha biyar zuwa ashirin. Zai fito baƙi ƙirin da ƙura a kansa. Ka goge ƙurar a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, wanda shi ma ka wanke masa maiƙon kamfani da asiton. Abin da ya rage a jiki ruwan toka ne. Ka sake shafawa, ka sake ratayewa, ka sake tafasawa. Kowane zagaye yana ƙara duhu. Yawanci tsakanin zagaye shida da goma ƙarfen ke ƙoshi ya daina karɓa. Daga nan a jiƙa shi da mai ya kwana. Baƙin da za ka samu ba a kan ƙarfen yake zaune ba, fuskar ƙarfen ce da kanta ta juye, don haka babu abin da zai ɓare.

Baba Sarkin Baka: Habu, mutum ya ɗauki bindigarsa da hannunsa ya sa mata tsatsa? Wannan ban taɓa ji ba.

Malama Rabi Zariya: Baba, tsatsa iri biyu ce. Jar da muka sani sakwa-sakwa take, tana ɓarewa tana buɗe sabon wuri, shi ya sa ba ta daina ci. In aka tafasa ta tun tana sabuwa, sai ta juye ta zama baƙar da ake kira magnetayit, wadda ke manne wa ƙarfe gam, tana kuma riƙe mai. Kowane zagaye kuma yana ɗan cin fuskar ƙarfen kaɗan-kaɗan, shi ne ke ba ta wannan kaushin da ke kashe haske. Abu biyu zan ƙara wa Usta. Ruwan tafasawa kada ya zama na rijiya ko na burtsatse, gishirin da ke cikinsu yana barin dabbare-dabbare, wani lokaci ma ya hana baƙin fitowa. A tari ruwan sama bayan na farko ya wanke rufi, ko a sayi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, a tabbatar ba mai asid ɗin ba ne. Na biyu, lokaci. Da hunturu laimar iska a Kano da kewaye takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, za ka rataye ƙarfe ya wuni bai yi ja ba. Yuli da Agusta ne lokacin wannan aiki, kuma dama lokacin an jingine farauta ana gona.

Usta Habu Maƙeri: Haka ne. Wanda ya matsu da rani sai ya sami akwati ko tsohon durom, ya sa kwanon ruwan zafi da jiƙaƙƙen buhu a ƙasa, ya rufe. Amma kada ruwa ya ɗiga a kan ƙarfen.

Ɗanlami Birnin Kudu: Usta, ruwan tsatsar fa? Da me ake haɗa shi?

Malama Rabi Zariya: Bari in riga Usta. Tsofaffin haɗe-haɗen Turawa da asid masu ƙarfi ake yin su, wasu har da sinadarin zaiba, kuma ba na so kowa a nan ya je neman su. Suna ƙona fata da huhu. Ruwan haidirojin da ake wanke ciwo da shi, wanda ke kowane kemis, in aka sa masa ɗan ruwan kal da gishiri kaɗan, yana sa ƙarfe tsatsa da sauri. Haɗarinsa shi ne saurin. In gishiri ya yi yawa ko aka bar shi ya daɗe, ramuka zai yi. Ka fara gwadawa a kan guntun ƙarfe har hannunka ya faɗa, kafin ka kusanci bindiga.

Usta Habu Maƙeri: Kuma wajen tafasawa a zare toshiyar itacen, don iskar ciki in ta yi zafi takan harbo ta da ruwan zafi. Da an fito da bututu, tun yana da zafi, a zura busasshen tsumma a ciki, a mayar da toshiya kafin shafi na gaba.

Isufu Maraɗi: Usta, a gidanmu jima ake yi. Na san in ruwan bagaruwa ya haɗu da ƙarfe baƙi yake yi, da haka ma dukawa ke samun kulokon da suke baƙanta fata. Ba za a iya amfani da shi ba?

Malama Rabi Zariya: Tambaya mai kyau, Malam Isufu. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda ke jeme fata, danginsa ne ke cikin yawancin ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a gwangwani. Yana haɗuwa da tsatsa ya ba da baƙi mai ɗan shuɗi, kuma ba ya ƙyalli. Sai dai bai kai na tafasawa ƙarfi ba, hannu yana share shi a hankali. A fartanya ko adda zan yi shi ba tare da tunani ba. A bindigar da ake son ta shekara ashirin, zan bi hanyar Usta.

Sani Mai Fenti: To ni maƙeran unguwarmu gasa ƙarfe suke yi a wuta su tsoma a baƙin mai, ya fito baƙi nan take. Me ya sa ba za a yi haka ba a huta?

Usta Habu Maƙeri: Sani, don Allah wannan kada wanda ya gwada. Ƙyauren ƙofa da ƙafar gado ake yi wa haka. Bututun bindiga da makullinta an ba su taurin da ya dace tun daga kamfani, wuta tana canza shi, kuma ba za ka gani da ido ba sai ranar da ya tsage kusa da fuskarka. Mai baki biyu kuma yawancinsu da dalma aka haɗa bututun da ƙarfen tsakiya. Wuta za ta narkar da ita. Ko baƙin da kamfanoni ke yi a tafasasshen ruwan soda mai zafin maki 140 cin dalmar yake yi, shi ya sa ba a tsoma irin waɗannan a ciki. Tafasasshen ruwa zalla bai wuce maki 100 ba, ba ya taɓa tauri, ba ya taɓa dalma. Wani abu kuma: in ka goge ka tarar da rami mai zurfi, ko kumburi, ko tsaga, to maganar baƙi ta ƙare. Wannan bututun ya gama aiki. Masu harbi-ruga su fi kowa kula da wannan, don toka tana jan laima, kuma daga ciki take cin ƙarfe.

Nura daga Amurka: Ba wanda ya ambaci hanyar Parker. Ita ce ta sojoji. Kamfanin Parker na birnin Detroit ne ya yaɗa ta tun 1915, kuma da ita aka rufe bindigogin sojan Amurka a yaƙin duniya na biyu. Ana tsoma ƙarfe a ruwan fosfet mai zafi, ƙasa da tafasa kaɗan, ya fito ruwan toka mai kaushi da ke shan mai sosai. Wajen kashe ƙyalli ta fi hanyar tsatsa.

Malama Rabi Zariya: Gaskiya ne ta fi dusashewa. Amma tana son feshin yashi kafin a tsoma, da tukunyar da asid ba ya ci, da ruwan da ba a samu a kasuwar Sabon Gari. Ba ta kuma kama aluminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Wannan ma ya shafi hanyar Usta: wasu sababbin bindigogin Turkiyya gidan kunamarsu aluminiyam ne, ba zai yi tsatsa ba balle ya yi baƙi. A gwada da maganaɗisu tukuna.

Sufeto Garba Mai Ritaya: Na karanta duka, kuma akwai abin da ya fi zabi muhimmanci da ba a taɓo ba. Lambar da ke jikin bindiga ita ce ke cikin lasisinka. In samfefa ko yashi ya cinye ta, ko fenti ya cike ta, a shingen bincike ba za a ce gyara ka yi ba, za a ce ɓoyewa ka yi. A rufe wurin da lambar take, a bi shi da hannu a hankali. Sannan Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar gyaran bindiga a hannun kowa ba, sai mai izini. Bindigar harsashi lasisinta daga ofishin Sufeto Janar yake, harbi-ruga kuma daga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda zai ba wani bindigarsa ya yi mata aiki ya tambaye shi takardarsa.

Na biyu, ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya yi wa bindigar farauta fentin dabbare-dabbare irin na kakin soja. Na ga matasa sun fara. A hoto yana burgewa, a hanya kuwa yana iya jawo maka abin da ba ka shirya ba. Duk mun san abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano, bindigogin gargajiya ne kawai a tare da su. Allah ya jiƙansu. A irin wannan zamani bindigar maharbi ta yi kama da ta maharbi: ƙota ta itace, bututu baƙi ko ruwan ƙasa.

Baba Sarkin Baka: Amin ya Allah. Sufeto, wannan magana taka zan kai ta taronmu na wata. Ni dai har yanzu ina kan bakana, wanda bai iya sanɗa ba ko an shafe masa bindiga da gawayi zabo zai gan shi. Amma na Habu zan so in gani da idona.

Usta Habu Maƙeri: Ranka ya daɗe, in damina ta sauka zan kawo maka guntun da na yi ka karce shi da ƙaya da hannunka.

Isufu Maraɗi: Saura ƙota. Tawa wani kafinta ya shafe ta da banish, ita ma walƙiya take yi kamar bututun. Man gyaɗa zai yi?

Usta Habu Maƙeri: A'a, man gyaɗa ba ya bushewa, yana yin ɗanko ya yi wari, ƙura ta manne. Man kaɗe ma haka yake zama a jiƙe. Baƙin man mota kuma ruɓar da itace yake yi, musamman inda ƙota ta haɗu da ƙarfe, nan ne take fara tsagewa. In banish ɗin bai fashe ba, bi shi kawai da soson ƙarfe 0000 har sheƙin ya mutu, ka bar shi. In ya fashe, kankare shi duka, ka nemi dafaffen man linsid a wurin masu sayar da kayan fenti. Ɗigo kaɗan a tafin hannu, ka murza har itacen ya yi ɗumi, ka share abin da ya rage, ka bar shi ya bushe sosai kafin ka ƙara wani. Tsumman da ka share man da shi kada ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana yin zafi da kansa har ya kama wuta. Shanya shi a fili ko ka tsoma shi a ruwa.